Jaririn ƙanwata ya zo da gajerun hannaye da ɗan ƙirji, bai yi awa guda ba ya koma, me ke kawo haka?

Wata 'yar'uwa daga wani ƙauye a gefen Gumel ce ta turo min wannan tambaya kan ƙanwarta. Ta ce tun cikin yana wata bakwai ya yi girman da ya wuce misali, har numfashi da ƙyar take yi in ta kwanta, da suka je sikanin aka ce ruwa ya yi yawa kuma hannaye da ƙafafun yaron gajeru ne sosai. Ta haifi namiji, kai babba, ƙirji ɗan tsurut, bai cika awa guda ba ya koma. Mijin ɗan baffansu ne. Yanzu uwar miji na cewa iska ce ta shafi cikin, wasu a dangi kuma na cewa auren zumuncin ne, a raba su kawai kowa ya huta. Tana so ta san me ke kawo wannan, kuma in ƙanwar ta sake samun ciki haka za a sake gani?

Toh 'yar'uwa, da farko Allah Ya jiƙan yaron nan, Ya sa mai ceto ne, Ya ba ƙanwarki haƙuri da dangana. Aikina kenan duba masu ciki da karɓar haihuwa, shekara da shekaru a ƙauyukanmu na Jigawa, kuma abin da zan fara gaya miki dan Allah ki kai mata shi yadda na faɗa: ba ta yi komai ba. Ba abincin da ta ci ko ta ƙi ci, ba dakan da ta yi, ba fitar tsakar rana ko ta magariba, ba tulun da ta ɗauka. Wannan abu tun ranar da cikin ya shiga yana rubuce a jikin yaron, kafin ma ita kanta ta san tana da ciki.

Abin da kika siffanta yana cikin wani babban rukuni na cututtukan ginin ƙashi. Suna da yawa ƙwarai, jerin da masana suka sabunta a 2023 ya kai kala 771, kuma in an haɗa su gaba ɗaya ana samun kamar ɗaya a cikin haihuwa 4,000 zuwa 5,000. Da yawansu ba sa kisa. Wadan da kike gani a kasuwar Gumel ko ta Maigatari yana cinikinsa, da matarsa da 'ya'yansa, shi ma ɗan wannan rukunin ne. Kaɗan ne daga ciki suke da tsananin da jariri ba ya rayuwa da su, kuma su ne maganarmu.

Mutane na ɗauka gajartar hannu da ƙafa ce ke kashe yaron. A'a, ƙirjin ne. Kin san in aka tura ɗan duma cikin tulu tun yana ƙarami, ba zai taɓa wuce girman tulun ba komai ruwan da aka ba shi. Haka huhu yake a cikin haƙarƙari. In haƙarƙarin sun zo gajeru, ƙirjin ya matse, huhun ba shi da filin da zai girma. Yana ciki ba ya buƙatar huhun, iskar da yake rayuwa da ita ta cibiya take zuwa masa daga mabiyiya, shi ya sa uwa za ta ce miki wallahi yana motsi lafiya lau har ranar naƙuda, kuma gaskiya ta faɗa. Sai an yanke cibi, aiki ya dawo kan huhun da bai ginu ba, nan ne abin yake bayyana. Ko da a babban asibiti ta haihu, da iskar oksijin da injin numfashi a kusa, mafi yawan irin waɗannan yara haka suke komawa cikin mintuna ko awoyi ko 'yan kwanaki. Na faɗi wannan ne saboda na san akwai wanda zai ce da an garzaya Kano da wuri da ya rayu, kar ta ɗora wa kanta wannan.

Yanzu asalin abin. Kowane ɗan'adam jikinsa yana ginuwa ne bisa wani rubutu da ke cikin ƙwayoyin halittarsa, umarni kusan 20,000, kowanne kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mu kira kowane umarni ƙwayar gado. Ƙashin jariri kuma yawancinsa da guringuntsi yake farawa, sai a hankali ya riƙa tsawo ta bakinsa yana ƙanƙarewa ya zama ƙashi. In harafi ɗaya tak ya kuskure a ƙwayar gadon da ke kula da wannan aiki, ginin gaba ɗaya ya karkace. Amma kuskuren nan hanya biyu yake zuwa, kuma duk amsar tambayarki a kan wannan bambancin take.

Hanya ta farko sabon kuskure ne. Uwa ba ta da shi, uba ba shi da shi, babu shi a dangi ko na nesa, a ƙwan nan ɗaya ko maniyyin nan ɗaya da aka yi yaron da shi ya faru. Wanda ya fi yawa a cikin masu kisan ta nan yake zuwa, sunansa tanatoforik, likitocin Faransa ne suka raɗa masa a 1967 daga kalmar Girkanci mai nufin mai ɗauke da mutuwa. Ana ganinsa kamar ɗaya a haihuwa 20,000 zuwa 50,000. Ƙwayar gadon da abin ya shafa ana kiranta FGFR3, aikinta kamar birki ne, ita ke ce wa guringuntsi ya isa haka, dakata. A wannan cuta birkin ne ya maƙale a take, ƙashi na son tsawo ba hali. Sai yaro ya zo da hannaye da ƙafafu gajeru ƙwarai fata ta tattare a kansu, kai babba goshi ya turo, karan hanci ya lotsa, ƙirji siriri ciki ya fito, ƙashin baya kuma falle-falle ya baje. Kala biyu ne, a ɗaya ƙashin cinya ya lanƙwashe kamar kan tarhon da, a ɗayan cinyar miƙe take amma ƙoƙon kai ya yi tudu uku saboda mahaɗinsa ya haɗe da wuri. Kuma ruwan ciki yakan yi yawa kamar yadda kika faɗa. Ba zan iya sa wa yaron da ban gani ba suna, amma bayaninki ya fi kama da wannan, kuma in shi ne, auren zumunci ba shi da hannu a ciki ko kaɗan. Da bare ta aura daga Legas ma zai iya faruwa, kuma yiwuwar ya sake dawowa ƙarama ce ƙwarai.

Akwai abin da nake jinkirin faɗa a gaban dangi don kar a ɗauke laifi daga kan mace a ɗora wa namiji, amma ilimi ne, gara a sani. Sabon kuskuren FGFR3 kusan kullum ta ɓangaren maniyyi yake zuwa, kuma yana ƙaruwa da shekarun uba, saboda ƙwayoyin da ke ƙera maniyyi ba sa daina rabuwa tsawon rayuwar namiji, kuma wadda ta samu wannan kuskuren takan fi 'yan'uwanta yaɗuwa. Shi ma bai yi komai ba, ba ya ji ba ya gani. Ina dai faɗa ne saboda na sha ganin yarinya 'yar shekara 18 ana mata gori wai mahaifarta ce ba kyau.

Wadanci na yau da kullum, wanda muke kira akondroplesiya, shi ma a FGFR3 ɗin yake, sai dai birkin bai maƙale can ƙasa ba. In wada ya auri wada irinsa, kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu yaro ya ɗauko kwafi biyu masu kuskuren, wannan kam ba ya rayuwa.

Na biyu a yawa cikin masu kisan shi ne ciwon karyewar ƙashi mai tsanani, osteojenesis imfafekta kala ta biyu. Shi ba tsawo ne matsalarsa ba, ƙarfi ne. Ƙashi yana da wani zare a cikinsa da ake kira kolajin, tufka uku ce kamar igiyar guga, kuma ƙwayoyin gado COL1A1 da COL1A2 ne ke ƙera silin. Duk wanda ya taɓa tufka ya san in sili ɗaya ruɓaɓɓe ne igiyar duka ta tashi aiki, ko da sauran biyun lafiyayyu ne. Yaron tun yana ciki ƙashinsa ke karyewa yana haɗewa yana sake karyewa, haƙarƙari su yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, cinya ta cukurkuɗe. Ban manta wata mata da aka kawo min cikin wata biyar da rabi ba, ina ɗora kan na'urar sikanin a cikinta na ga ƙwaƙwalwar yaron tar, fiye da yadda ya kamata a gani, don ƙoƙon kan bai yi ƙashin da zai tare hoton ba, na ɗan danna kaɗan sai na ga kan ya lotsa, na saki ya dawo. Na auna ƙashin cinya, inda nake sa ran ganin kusan milimita 38 ko 40, ko rabin haka bai kai ba. Tana kallon fuskata tana cewa likita lafiya dai ko. Wallahi har yau in na tuna sai na ji wani iri. Shi ma yawanci sabon kuskure ne, sai dai wani lokaci ɗaya daga cikin iyayen yana ɗauke da shi a wani ɓangare na ƙwansa ko maniyyinsa shi kuwa lafiyarsa ƙalau, shi ya sa littattafanmu ke sa yiwuwar maimaituwa kusan 6 cikin 100.

Hanya ta biyu ita ce ta gado a ɓoye, kuma wannan kin riga kin san ta, don ita ce hanyar sikila. Uba AS, uwa AS, dukkansu garau, amma kowane ciki akwai ɗaya cikin huɗu a samu SS. Haka wasu daga cikin cututtukan ƙashin nan suke, sai yaro ya haɗa kwafi biyu masu matsala sannan abin ya fito. Kuma ki lura ɗaya cikin huɗun nan ba layi ba ne, ba wai tunda an yi ɗaya sai an haifi uku lafiya ba, kowane ciki sabon lissafi ne. Na ga wadda ta yi uku a jere aka sa mata ido ana cewa wabi take, na ga wadda ta yi ɗaya ta haifi shida lafiya bayansa.

A wannan hanyar akwai akondrojenesis kala ta ɗaya, wadda kuskure a ƙwayar gado TRIP11 ko SLC26A2 ke kawowa, gaɓoɓi su fi na kowa gajarta, ƙashin baya kusan ba ya fitowa a hoto, jiki ya kumbura da ruwa, sau da yawa ma a ciki yake rasuwa. Kala ta biyu tata daban ce, COL2A1 ce kuma sabon kuskure ce, kin ga suna ɗaya amma lissafin maimaituwa ya sha bamban. Akwai masu gajeren haƙarƙari da ƙarin yatsu, inda DYNC2H1 ta fi yawan zama sanadi, wani lokaci har da matsalar ƙoda ko zuciya. Nan bari in tsaya kaɗan, kar wata ta karanta ta tsorata: cindo shi kaɗai a jariri mai lafiya ba komai ba ne, ya yi yawa a cikin baƙar fata, ba shi da alaƙa da wannan. Akwai kuma haifofosfateshiya, ta ALPL, inda ƙashi ya kasa ɗaukar sinadarin da ke ƙanƙarar da shi, ita ce ɗaya da aka samar wa magani a 2015 har yaran da a da ba sa rayuwa suka fara rayuwa, sai dai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Wanda ya fi shafarmu a cikinsu shi ne wani kalar ciwon karyewar ƙashin da ke bin hanyar sikila, ta ƙwayar gado P3H1, da ana kiranta LEPRE1. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya gano kusan mutum 1.5 cikin 100 na 'yan Najeriya da Gana da aka gwada suna ɗauke da kuskure iri ɗaya sak a wannan ƙwaya, wato kamar mutum ɗaya cikin 65 zuwa 70, kuma an ƙiyasta daga kaka ɗaya ya samo asali a Afirka ta Yamma shekara 650 zuwa 900 da suka wuce, har bayin da aka kwasa suka kai shi Amurka. Kin ga ke nan mutum biyu da ba su haɗa komai ba a saninsu za su iya haɗuwa a kansa.

To ina matsayin auren zumunci? Ba zan ɓoye miki ba, a wannan hanya ta biyu yana ƙara yiwuwar, don 'ya'yan wa da ƙani sun haɗa kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, in kakansu yana ɗauke da wani ɓoyayyen kuskure yana iya gangarowa ta gida biyun ya haɗu a jika. A lissafin gaba ɗaya, haɗarin haihuwar yaro mai wata babbar naƙasa yana tashi daga kamar 2 ko 3 cikin 100 zuwa kamar 4 zuwa 6 cikin 100. Ya ƙaru, amma ki duba sauran casa'in da ɗorin. Ni a ganina zalunci ne a raba aure kan yaro ɗaya da ko sunan ciwonsa ba a sani ba, alhali wanda ya fi kama da shi ba ruwansa da zumunci. In da a ce wannan ne na biyu ko na uku, ko akwai irinsa a gidan baffan ko gidan goggo, to nan magana ta canza, sai a zauna da likita da ma'auratan su biyu a yi musu lissafin a fili, su ne za su yanke wa kansu.

Abin da ke ci min rai shi ne sunan ciwon nan sau da yawa minti goma ne ke raba mu da shi. Hoton ƙashi ɗaya na jikin jaririn gaba ɗaya, daga kai zuwa ƙafa, kafin a kai shi makwanci, ya isa ƙwararre ya bambance tanatoforik da ciwon karyewar ƙashi da akondrojenesis a mafi yawan lokuta. Ba yanka, ba taɓa gawa da wuƙa, a cikin zanensa ma za a ɗauka. Na taɓa tsayawa a bakin ɗakin haihuwa ina roƙon wani uba, ƙaninsa ya riga ya tada babur, likkafani na cikin leda a hannunsa, ya ce likita rai ya riga ya fita hoton me kuma. Na ce ba don wannan ba ne, don ƙannensa ne masu zuwa. Ya yi shiru can ya miƙo min shi. Hoton ya nuna tanatoforik, na ce masa in sha Allahu da wuya ku sake gani, kuma bayan shekara biyu matar ta dawo awo ta haifi mace lafiyayya. Na san muna gaggauta jana'iza kuma haka addini ya koyar, amma wannan ba ya jinkirta komai.

Tunda naku an riga an binne, ga abin da ya rage. Ki nemo takardar sikanin ɗin nan da katin awo, kar a yar, awon ƙashin cinya da na kai da na ciki suna jiki. In akwai wanda ya ɗauki hoton yaron a waya kar ya goge. Ki tambayi ungozomar da ta karɓi haihuwar ko wadda ta yi masa wanka: kan da tauri yake ko laushi kamar ƙwan da bai yi ɓawo ba, yatsun nawa ne, ƙafafun a lanƙwashe suke, jikin a kumbure yake, an ji ƙashi na motsi a inda ba gaɓa? Ki kuma bincika a hankali wurin tsofaffin gidan ko an taɓa haihuwar irinsa, don irin wannan ba a cika faɗa ba, sai dai a ce ai wance ta haihu bai zo da rai ba. Ku haɗa duka ku kai wa likitan mata a babban asibiti, Rashid Shekoni a Dutse ko na tarayya da ke Birnin Kudu ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A gaya masa duk maganin da ta sha da cikin, na asibiti da na gargajiya, a kuma gwada ta ciwon suga, don akwai 'yan abubuwan da ke taɓa ƙashin jariri ba ta gado ba kuma gara a cire su daga lissafi. Gwajin ƙwayoyin gado na jini shi ne mai yanke magana, amma yawanci sai an tura waje kuma kuɗi ne masu yawa.

In ta sake samun ciki, ta fara awo da wuri, kar ta jira sai ya fito. A yi sikanin wajen sati 12 zuwa 14 don a tabbatar da kwanakin cikin, sannan a yi babban a sati 18 zuwa 22 a wurin wanda ya iya, a gaya masa tarihin tun kafin ya ɗora na'ura. Masu kisan nan a wannan lokacin sun riga sun nuna kansu. Muna duba tsawon cinya mu gwada shi da kewayen ciki, in ya gaza kashi 16 cikin 100 alama ce mai nauyi, mu duba ƙirji, mu duba ko ƙashi ya yi fari yadda ya kamata. Kuma don Allah duk wadda aka ce mata ƙafar yaronki ta ɗan gaza a sikanin ɗaya kar ta kwana kuka, mafi yawan lokaci lissafin wata ne ya kuskure, ko iyayen ne gajeru, ko yaron ne bai samun isasshen abinci ta mabiyiya, a maimaita a wani wurin. Folik asid ta sha tun kafin cikin, yana kare wata naƙasar ta ƙashin baya da ƙwaƙwalwa, amma wannan kam ba ya hana ta, haka ma maganin ƙarin ƙashi ko madara ko rubutu.

In kuma Allah Ya ƙaddara aka sake ganin irinsa, to hankalinmu kan uwar yake komawa. Kar ta haihu a gida. Ruwa mai yawa yana buɗe mahaifa fiye da kima, bayan haihuwa ta kasa tsukewa jini ya ɓalle, faya na iya fashewa cibiya ta riga yaro fitowa, kan nan babba kuma yana iya tokarewa a yi doguwar naƙuda, wadda ita ce ke kai mata ga yoyon fitsari. Ta haihu inda akwai jini da ɗakin tiyata. In mun tabbata yaron ba mai rayuwa ba ne ba ma son yi mata aiki saboda shi kaɗai mu bar ta da tabo a mahaifa, amma in ranta ne ke cikin haɗari ba a jira. Shi kuma jaririn a lulluɓe shi da ɗumi, a ba uwarsa ta riƙe in tana so, babansa ya yi masa huɗuba, kar a ɗauke shi a ɓoye mata wai don kar ta gani, matan da aka hana gani sun fi daɗewa suna tambayata yaya kamanninsa.

Ita ƙanwar taki yanzu nononta zai kawo ruwa ba mai sha, ta sa rigar mama mai ɗan matsewa, ta riƙa ɗora tsumma mai sanyi, kar a yi ta tatsa, in ya yi ja ko zazzaɓi ya zo a kai ta asibiti. A duba jininta, a ba ta tazara ta murmure kafin wani cikin. Ki riƙa leƙa ta ko bayan 'yan gaisuwa sun watse, in kin ga ba ta barci ba ta cin abinci ko tana yawan cewa ita ce sanadi, wannan ma abin zuwa asibiti ne. Ranar da za ku je wurin likitan ku tafi da mijin, in uwar mijin za ta yarda ita ma ku tafi da ita ta ji da kunnenta.